Bom ɗin da ya kwana 80 a ƙarƙashin teku

Yau tarihin namu zai ƙetare hamada, ya kai mu bakin tekun Bahar Rum, a ƙasar Espanya, wadda wasu ke kira Sifaniya.

Duk dattijon da kuka tambaya me ya faru a watan Janairun 1966, zai ce maku watan da aka kashe Sardauna ne, cikin azumi. Haka ne, ranar 15 ga wata. To kwana biyu bayan nan, ranar Litinin 17 ga wata, lokacin da kunnen ƙasar Hausa duka yake jikin rediyo, wasu jiragen sojan Amurka guda biyu suka yi karo a sama, bama-baman nukiliya huɗu suka zubo a kan wani ƙauyen manoman tumatir da ake kira Palomares, a yankin Almeriya. Uku sun faɗi a tudu. Na huɗun ya faɗa teku, kuma sai da ƙasar da ta fi kowace ƙarfi a duniya ta yi kwana 80 tana lalube kafin ta fiddo shi, a kusa da wurin da wani masunci ya nuna mata tun da farko.

Kafin mu kai ga masuncin, tambayar da kowa zai yi ita ce: me ya kai jirgin Amurka ɗauke da makaman ƙare dangi sararin samaniyar Espanya, alhali ba a yaƙi?

Zamanin yaƙin cacar baka ne. Amurka na tsoron kada Tarayyar Sobiyet ta yi mata ba-zata, ta ragargaza mata jirage tun suna ajiye a ƙasa. Sai ta ɓullo da wata dabara tun farkon shekarun 1960: a kowane lokaci, dare da rana, a samu wasu manyan jiragen B-52 a sama, cike da bama-bamai, suna kewaya kusa da iyakar Sobiyet suna jiran umarni. In umarni bai zo ba, su juya gida, wasu su canje su. Sunan shirin Chrome Dome. Wata hanyar ta bi ta arewa wajen ƙanƙara, wata ta ratsa tekun Atlantika ta bi ta kan Espanya zuwa Bahar Rum. Tafiya ce ta wajen awa 24 ba sauka, kuma jirgi mai inji takwas ba ya yin wannan da man da ya taso da shi. Dole a ba shi mai a sama. Wani jirgin, wanda shi tankin mai ne mai fukafukai, sai ya shiga gaba, ya sako wani dogon bututun ƙarfe daga wutsiyarsa, na bayan ya matso a hankali har bututun ya shiga bakin tankinsa, dukkansu suna gudun ɗaruruwan kilomita a awa. Gwamnatin Janar Franco, wanda ke mulkin Espanya da hannun ƙarfe, ta ba Amurka sansanonin soja tun yarjejeniyar 1953. Mutanen ƙauyukan da ke ƙasa kuwa sun saba ganin jiragen suna haɗuwa a sama da safe, amma ba wanda ya taɓa gaya masu abin da ke cikinsu.

Jirgin da muke magana ya taso daga jihar Karolina ta Arewa da mutum bakwai. Ya gama kewayensa, yana kan hanyar komawa. Wajen ƙarfe goma da rabi na safe, a tsayin da ya haura kilomita 9, ya matso bayan jirgin mai samfurin KC-135, wanda ya taso daga sansanin Moron. Ya matso da sauri fiye da kima. Bututun ya soke shi a gadon baya, fiffiken hagu ya ɓalle, wuta ta kama man. Mutum huɗun da ke cikin jirgin man duka suka mutu nan take. Daga cikin bakwai na B-52, uku suka mutu, huɗu suka samu fita da lema. Ɗaya ya sauka a tudu da ƙuna a jiki, uku iska ta kwashe su zuwa teku, inda jiragen masunta suka tsamo su cikin sanyin Janairu.

Ƙarafa masu ci da wuta suka yi ta zubowa cikin gonaki da tsakanin gidaje, har kusa da lakkwal ɗin ƙauyen. Ikon Allah, ko mutum ɗaya daga cikin mutanen gari bai mutu ba.

Kowane ɗaya daga cikin bama-baman nan huɗu ya ninka wanda aka jefa wa Hiroshima ƙarfi fiye da sau 70. Za ku ce, to me ya hana su tashi? Bom irin wannan, a tsakiyarsa akwai wani ƙarfe mai guba da ake kira fulutoniyom, an kewaye shi da nakiya irin ta yau da kullum. Kafin ya yi fashewar nukiliya, sai an kunna shi da gangan, nakiyar nan ta tashi ta kowane gefe a lokaci guda, ta matse ƙarfen. Waɗannan ba a kunna su ba. Na farko lemarsa ta ɗan buɗe, ya sauka kusa da wani busasshen kogi, irin yadda Gulbin Maraɗi yake da rani, aka same shi kusan lafiya lau. Biyu kuwa sun bugi ƙasa da ƙarfi, nakiyar da ke jikinsu ta fashe, ɗaya kusa da maƙabarta, ɗaya a gefen gidaje. Ba a yi fashewar nukiliya ba, amma fulutoniyom ɗin ya zama gari, iska ta watsa shi a fili mai faɗin wajen murabba'in kilomita 2, gonaki da gidaje duka.

Nan ne matsalar take. Haskensa ba ya ratsa fata, ko takarda tana tare shi. Amma in mutum ya shaƙi ƙurarsa, ta zauna a huhu ko ta bi jini zuwa ƙashi da hanta, sai ta yi ta ƙona naman wurin a hankali, shekara da shekaru, har ta iya zama kansa. Ba ya wari, ba a ganinsa. Kuma Almeriya ƙasa ce busasshiya mai iska, tana cikin wuraren da suka fi ƙarancin ruwan sama a Turai duka. Mu da muka san abin da iskar hunturu ke yi da ƙura, ba sai an yi mana dogon bayani ba. A ranar, yara da manya sun je kallon ramukan, wasu sun taɓa tarkacen da hannu, wasu sun ɗauki guntaye sun kai gida.

Cikin kwana ɗaya sojojin Amurka suka gano uku. Saura ɗaya.

A safiyar hatsarin, wani masunci mai suna Francisco Simo Orts, wanda ke zaune a garin Aguilas, yana cikin jirginsa wajen kilomita 8 daga gaɓa, yana shirin jan koma. Ya ga wutar a sama, ya ga lemomi suna saukowa. Ɗaya babba ce, fara-fara, ɗauke da wani abu dogo wanda ya ɗauka gawar mutum ce. Ta faɗa ruwa kusa da shi, ta nutse nan da nan. Sai ya yi abin da kowane masunci ke yi in yana so ya riƙe wuri a ruwan da ba shi da alama: ya dubi tudu, ya daidaita wani dutse da wani gini ta wannan gefe, ya sake daidaita wasu ta wancan gefe, ya ajiye a ka. Irin yadda madugu ke riƙe hanyar rijiya a Tenere ke nan. Da ya koma gaɓa ya ba da labari.

An ji shi, an rubuta, har an ɗauke shi a jirgin sojan ruwa ya kai su wurin, aka sake gwada shi ya sake kai su wuri guda. Duk da haka maganarsa ba ta yi nauyi ba da farko. Masana na da lissafinsu na iska da nauyi da saurin faɗuwa, wasu na ganin bom ɗin ya tarwatse a sama, wasu na cewa yana binne a tudu. Aka jera ɗaruruwan sojoji kafaɗa da kafaɗa suna taka gonaki da tsaunuka, suna leƙa rijiyoyi da tsofaffin ramukan haƙar ma'adini, mako bayan mako. A ruwa kuma aka tara jirage fiye da 30 da dubban sojoji ƙarƙashin Admiral William Guest, masu nutso suna tsefe wuraren da ba su da zurfi, suna fiddo guntayen jirgi. Can gefe wani jirgin Sobiyet na tsaye yana kallon komi. Allura cikin ruwa, in ji Bahaushe, mai rabo ka ɗauka, kuma abin da ya hana Amurka barci ke nan: kada rabon ya zama na wani.

Duk wannan hidima ana yin ta ne ba tare da an faɗa wa duniya abin da ake nema ba. Ƴan jarida na ganin mutane da na'urorin auna guba suna bin gonaki, suna tambaya, ana ce masu ba a da abin faɗi. Jaridun Espanya kuwa ba su da bakin magana a ƙarƙashin Franco, wanda babban abin da ya dame shi shi ne kada masu yawon buɗe ido su tsorata su daina zuwa. Mutanen Palomares da dama daga gidajen rediyon waje suka fara jin cewa akwai guba a gonakinsu. Kasuwa ta ƙi tumatir ɗinsu, ta ƙi kifin yankin, ta ƙi madararsu. Sai farkon watan Maris, bayan kwana fiye da 40, Amurka ta fito fili ta yarda cewa bom ɗaya ya ɓace.

Daga nan aka shirya wasan da har yau ake tunawa da shi a Espanya. Ministan watsa labarai da yawon buɗe ido, Manuel Fraga, da jakadan Amurka, Angier Biddle Duke, suka tuɓe suka shiga teku a gaban masu ɗaukar hoto, cikin sanyi, suna dariya suna ɗaga hannu, wai don a ga ruwa lafiya lau yake. A ganinmu wannan wanka ya fi komi nuna yadda aka ɗauki mutanen wurin. Gubar ai ba a ruwa take ba. Tana tudu, cikin ƙurar gonakin da ke bayan masu ɗaukar hoton, kuma manyan sun san haka.

A tudun, aikin da aka yi shi ne kankare ƙasar da ta fi gurɓata, wajen ton 1,400, aka ɗura a tano-tano na ƙarfe kusan 5,000, aka loda a jirgin ruwa zuwa wata ma'ajiyar sharar nukiliya a jihar Karolina ta Kudu. Sauran filin aka bi shi da galma aka juya ƙasar, gubar ta koma ƙasa, aka zuba ruwa. An tumɓuke tumatir da sauran shuka, an ƙona wasu. Sojoji wajen 1,600 ne suka yi aikin, yawancinsu ƙananan ma'aikata da aka kwaso daga sansanoni, masu dafa abinci da akawuna da makaɗan banda, da yawa ba takunkumin kirki a fuska, ba tufafin kariya. An ce masu ba komi. Wasunsu sun ba da labarin cewa tumatir ɗin da aka hana kai wa kasuwa, shi aka riƙa ba su suna ci.

Mu koma teku. Wani masanin kimiyya na sojan ruwa, John Craven, ya kawo wata hanya: aka raba taswirar tekun gida-gida kamar dara, aka sa masana su yi hasashen yadda abin ya faru, lema ta buɗe ko ba ta buɗe ba, ɗaya ko biyu, aka ba kowane gida makinsa. Da aka saka shaidar masuncin cikin lissafin, sai gidajen da ke kewaye da wurin da ya nuna suka yi sama. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Sai dai wurin na da zurfin da ba mai nutson da zai iya kaiwa, ga duhu, ga ƙasan duk kwazazzabai. Aka kawo wasu ƙananan jiragen ƙarƙashin ruwa guda biyu na bincike, Alvin da Aluminaut. Alvin ɗin mutum uku kawai yake ɗauka, a matse, fitilarsa ba ta haska fiye da ƴan mitoci. Shi ne dai jirgin da ya kai mutane ga tarkacen Titanic bayan shekara 20.

A tsakiyar watan Maris, matuƙan Alvin suka bi wani sawu a cikin laka, kamar an ja buhu a gangare, har suka iske lema shimfiɗe a kan wani abu dogo, a zurfin mita wajen 780. Bom ɗin ne, kwance a kan gangare mai tsananin tsayi, kusa ƙwarai da inda Simo ya ce.

Murna ba ta daɗe ba. Da aka ɗaura masa igiya aka fara ja, igiyar ta tsinke, ya koma ƙasa ya gangara, ya sake ɓacewa. Sai da aka yi kwana tara ana nema, ranar 2 ga Afrilu aka sake ganinsa, yanzu a zurfin mita wajen 880, kusa da bakin wani rami wanda in ya faɗa ciki sai dai a haƙura. A wannan karon aka aika wata na'ura marar matuƙi mai suna CURV, wadda ake sarrafawa da waya daga sama. Ta maƙala igiya biyu a jikin lemar, a wajen ta ukun sai ita kanta ta sarƙe cikin lemar, ta kasa fita. Admiral Guest ya yanke shawara a jawo su tare, na'ura da bom, ko a samu ko a rasa. Da safiyar 7 ga Afrilu 1966 aka ɗora shi a kan jirgin Petrel, ya ɗan lotsa amma bai fashe ba. Washegari aka nuna wa ƴan jarida shi, karon farko da Amurka ta bari duniya ta ga irin wannan makami da ido, don ta san in ba a gani ba, ba wanda zai yarda an same shi.

Akwai wani da ya bar ƙafarsa a wannan aiki, kuma ya kamata a ambace shi. Carl Brashear baƙar fata ne, ɗan manoma daga jihar Kentaki, mai nutso a sojan ruwa. Cikin watan Maris ɗin, a kan jirgin Hoist, igiya ta fizgo wani bututun ƙarfe, ya ture abokin aikinsa daga hanya, ƙarfen ya same shi a ƙafar hagu. Aka yanke ta ƙasa da gwiwa. Ya ƙi yarda a sallame shi, ya koma nutso da ƙafar roba, a 1970 ya zama baƙar fata na farko da ya kai matsayin babban gwanin nutso a sojan ruwan Amurka. Masu kallon fina-finai za su tuna da Men of Honor, labarinsa ne.

Shi kuwa Simo, wanda mutanen ƙasarsa suka laƙaba wa suna Paco na Bom, ya ce a dokar teku wanda ya nuna inda dukiya ta nutse yana da kaso a cikinta. Ya kai ƙara har kotu a New York. Aka sasanta, abin da ya samu bai kama ƙafar abin da ya nema ba.

Manoman ma sun sha jira. An biya diyya ga wasu ɗaruruwa, da yawa suna cewa ba ta kai asarar ba, balle darajar gonakin da ta faɗi. Da shekara ta zagayo, a Janairun 1967, wata mace daga ɗaya daga cikin manyan gidajen masu sarauta na Espanya, Luisa Isabel Alvarez de Toledo, mai sarautar Medina Sidonia, ta shiga gaban mutanen ƙauyen za su tafi Madrid neman haƙƙinsu. Aka kama ta, daga baya ta yi watanni a gidan kaso. An riƙa kai mutanen Palomares Madrid ana auna jininsu da fitsarinsu kowace shekara, amma sakamakon na hannun hukuma. Sai a 1985, shekara goma bayan mutuwar Franco, bayan matsin lambar magajiyar garin, Antonia Flores, aka ba su damar ganin takardun lafiyar jikinsu. Shekara 19 ana auna mutum ba a gaya masa abin da aka gani ba.

Espanya ta hana jirage masu ɗauke da nukiliya ratsa samaniyarta tun cikin watan hatsarin, amma shirin Chrome Dome bai tsaya ba. Sai da wani B-52 ɗin ya kama wuta ya faɗi kan ƙanƙarar teku kusa da sansanin Thule a Girinlan, ranar 21 ga Janairun 1968, shi ma da bama-bamai huɗu, sannan aka daina.

Tsugune ba ta ƙare ba. A shekarun 2000, lokacin da gine-gine da noman zamani suka bunƙasa a yankin aka fara tona ƙasa, hukumar binciken makamashi ta Espanya ta sake aunawa, ta tarar gubar ta fi yadda ake zato. Har ramuka biyu aka gano inda sojojin suka binne gurɓatattun kaya kafin su tafi. Gwamnati ta karɓe filayen ta kewaye da waya, wajen hekta 40. An ƙiyasta ƙasar da ke bukatar kwashewa ta kai mita kubik 50,000, Espanya kuma ba ta da wurin ajiye irin wannan shara, ta ce mai kaya ya zo ya ɗauki kayansa. Wannan gardama ta wa zai kwashe, mu nan ba baƙuwarmu ba ce. Fulutoniyom ɗin Palomares ba daga ƙasarmu ya fito ba, don sai a 1971 aka fara fitar da uraniyom a Arlit, amma duk wanda ya san tulin sharar da aka bari a Akokan bayan rufe ma'adinin a 2021 ya san yadda irin wannan magana ke jan ƙafa.

Tsofaffin sojojin da suka yi shara su ma sun yi ta fama. A 2016 jaridar New York Times ta bi sawun 40 daga cikinsu, ta tarar 21 sun kamu da kansa, 9 sun riga sun mutu da ita. Shekara da shekaru hukuma na ce masu ciwonsu ba shi da alaƙa da Palomares. Sai a 2022 wata doka ta saka su cikin waɗanda aka yarda sun yi aiki cikin guba, lokacin da yawancinsu sun haura shekara 75, waɗanda suka rage ke nan.

A watan Oktoban 2015, sakataren harkokin wajen Amurka John Kerry da takwaransa na Espanya suka sa hannu a Madrid kan takardar niyyar kwashe sauran ƙasar zuwa Amurka. Takardar niyya ce, ba ta ɗaure kowa ba, ba ta sa rana ba. A 2023 Espanya ta sake tura buƙatar a hukumance. Kwankunan bama-bamai biyu daga cikin huɗun, har da wanda ya kwana 80 a teku, suna wani gidan tarihi a garin Albuquerque na Amurka, ana biyan kuɗi a shiga kallo. A Palomares kuma ana ci gaba da noman kayan lambu a gefen wayar, kuma fulutoniyom ɗin da ke cikinta sai ya shekara 24,000 kafin rabinsa ya lalace.